Yadda Ake Gano Abin da Ke Daskarar da Sabuwar Laftof

Kuskuren da na fi gani a wajen waɗanda sabuwar laftof ɗinsu ke daskarewa jefi-jefi shi ne gaggawar kai ta wurin mai gyara domin ya goge Windows ya sake ɗora wata. Bayan kwana biyu matsalar ta dawo, alhali bayanan da kwamfutar ta rubuta a kan abin da ke damunta sun tafi tare da gogewar, kuma idan mai gyaran ya kwance ta, mai shagon da aka saye ta a wurinsa zai samu hujjar ƙin karɓarta. Saboda haka sharaɗina na farko shi ne kada a goge komai, kada kuma a kwance ko da ƙusa ɗaya, muddin garanti bai ƙare ba.

Ka ba ta kwana biyu ko uku tukuna. Sabuwar kwamfuta tana sauke sabuntawar Windows, tana jera fayiloli domin bincike, OneDrive ma na nasa aikin a ɓoye, don haka ɗan jinkiri a kwanakin farko ba abin tayar da hankali ba ne. Ka bar ta a jone da caja da intanet har Windows Update ya daina kawo sabon abu. Wannan yana cin data sosai, shi ya sa gara a nemi inda ake da Wi-Fi maimakon a ƙarar da ta waya.

Idan daskarewar ta ci gaba, sai ka ɗauki takarda da biro. Duk lokacin da ta tsaya, ka rubuta ƙarfe nawa ne daidai har da minti, da abin da kake yi, da ko tana kan caja ko batir, da kuma ko ta farfaɗo da kanta ko sai da ka danne maɓallin kunnawa. A daidai lokacin da take a daskare, ka danna Caps Lock ka duba ko ƙaramar fitilarsa ta kama. Idan ta kama, to kwamfutar tana da rai, sai ka danna Windows da Ctrl da Shift da B a tare. Wannan yana sake tayar da direban hoto, wato manhajar da ke sarrafa abin da ke fitowa a sikirin, za ka ji ɗan ƙara, sikirin ya yi ƙyaftawa, kuma idan ta dawo daidai nan take ka riga ka san inda za ka fara nema. Idan kuwa fitilar ba ta motsa ba, daskarewar ta kai can ciki, kuma zargi zai fi karkata ga RAM (ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita), ko SSD (ma'ajiyar fayiloli), ko BIOS (manhajar da ke tayar da kwamfutar kafin Windows).

Mataki na gaba shi ne inda na ga mutane da yawa sun ɓata, ni ma a nan na yi asarar kusan mako guda a kan wata kwamfuta da aka kawo mini. Ka buɗe Event Viewer, inda Windows ke rubuta abubuwan da suka faru a kwamfutar, ka shiga Windows Logs, sannan System. Abin da zai fara ɗaukar idonka shi ne jan gargaɗi mai suna Kernel-Power da lamba 41, kuma kusan kowa yana zaton ya kama ɓarawo, sai ya tafi neman sabuwar caja ko sabon batir. Lamba 41 ba ta faɗin dalili. Abin da take nufi kawai shi ne kwamfutar ta mutu ba ta hanyar da ta dace ba, wato sau da yawa shaidar danne maɓallin da kai da kanka ka yi ce, kuma ana rubuta ta ne bayan kwamfutar ta sake tashi. Abin da kake nema yana cikin layukan da suka gabace ta, a mintunan da ka rubuta a takardarka, kuma sau da yawa ba ja ba ne, ruwan ɗorawa ne da ido ke tsallakewa. Idan ka ga lamba 4101 daga Display, direban hoto ne ya daina amsawa har Windows ta sake tayar da shi. Idan ka ga lamba 129 daga stornvme ko storahci, to an jira SSD bai amsa ba har aka tilasta masa farawa daga farko, kuma irin wannan ne ke sa kwamfuta ta ƙame na wasu daƙiƙoƙi sannan ta ci gaba kamar babu abin da ya faru. Saƙon WHEA-Logger kuwa rahoton kuskure ne daga kayan ƙarfen kansu, wato sassan jikin kwamfutar, idan yana maimaituwa ka ɗauki hotonsa da waya ka adana, domin zai yi maka amfani a gaban mai shago. Wanda Event Viewer ya rikita shi yana iya rubuta perfmon /rel a akwatin Run, zai ga irin waɗannan bayanai a jere rana bayan rana.

Daga nan ne za a fara gyara, kuma abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda, a jira aƙalla kwana biyu kafin a taɓa na gaba. Wanda ya canza abu biyar a dare ɗaya, ko matsalar ta tafi ba zai san me ya kore ta ba, ranar da ta dawo kuma dole ya faro daga tushe.

Direbobi daga shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar ake ɗauko su, da lambar samfurinta daidai, ko ta manhajar kamfanin kamar Lenovo Vantage, Dell SupportAssist ko MyASUS. Manhajojin da ke alkawarin sabunta dukkan direbobi da dannawa ɗaya ban yarda a ɗora su ba sam. BIOS ma a nan ake samun sabonsa, domin kwamfutar da ta yi watanni a kwali takan zo da tsoho. Kafin ka sabunta shi, ka shiga asusunka na Microsoft ka kwafi mabuɗin BitLocker (makullin ma'ajiya na Windows) mai lamba 48, saboda kwamfutoci da yawa masu Windows 11 suna zuwa da ma'ajiyarsu a kulle, kuma bayan sabunta BIOS tana iya neman mabuɗin. Ka tabbata batir a cike yake, caja na jone, kada kuma ka fara a lokacin da ake shirin sauyawa tsakanin wutar NEPA da janareta.

Idan takardarka ta nuna cewa a kan batir kaɗai take daskarewa, tsarin tsimin wuta ne abin zargi. Ka shiga Power Options, ka nemi PCI Express, ka mayar da Link State Power Management zuwa Off. Ka kashe Fast Startup ma, wanda ni nake kashewa a kowace kwamfuta da ta shigo hannuna. Riga-kafin ƙwayar cuta (antivirus) na gwaji da ke zuwa da sabuwar laftof ka cire shi, Microsoft Defender ya wadatar. Ka leƙa Task Manager: idan RAM ɗinta 4GB ne kuma kullum a cike yake, ƙarancinsa ne matsalar, ba lalacewa ba. Zafi kuma manhajar HWiNFO za ta nuna maka shi kyauta, kuma kada a ɗora ta a kan katifa ko matashi.

Saura gwajin kayan ƙarfe. Ka sa MemTest86, mai gwada lafiyar RAM, a filash ka bar shi ya kwana yana aiki har ya kammala zagaye huɗu, kuskure ko ɗaya ne ya isa hujja. Dell tana da nata gwajin ta F12 lokacin kunnawa, HP kuma ta Esc sannan F2. Idan duk sun wuce lafiya amma tana daskarewa ko a Safe Mode (inda Windows ke tashi da direbobi kaɗan kawai), ko a kan Linux (wani tsari daban da Windows) da aka tayar daga filash, ka kwashe fayilolinka, ka haɗa rasit da kwali da takardar lokutan da hotunan da ka ɗauka, ka mayar da ita inda ka saya kafin wa'adin musanya ya cika.