Yadda Ake Kafa Layin Ƙaramin Jirgin Ƙasa a Gida, Ya Yi Ta Gudu Babu Tsayawa

Mutum huɗu na gani da idona sun shiga harkar ƙananan jiragen ƙasa sun fita, kuma duka abu ɗaya ne ya kore su. Kowannensu ya zuba kuɗinsa a kan inji mai kyau, mai fitila da jiniya, sannan ya harhaɗa layi a kan kafet cikin rabin awa. Ranar farko jirgi ya yi gudu, yara suka yi ta ihu. Bayan mako biyu ya fara sarƙewa, sai an tura shi da yatsa, yana zuwa kwana ya kife. Daga nan sai ka ji ana cewa jabu aka sayar musu. Ba jabu ba ne. A wannan harka injin ba kasafai yake da laifi ba, layin ne, don haka a kansa zan fi daɗewa.

Ka tsayar da ma'auni ɗaya kafin ka sayi ko ƙusa

Ka ɗauki HO ko OO, ka huta. HO na nufin an rage jirgin gaske sau 87. Layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 faɗinsa milimita 1,435 ne tsakanin ƙarfe da ƙarfe, ka raba da 87 ka samu 16.5, wato faɗin layin HO ke nan. OO na mutanen Ingila ne, an rage shi sau 76, amma a kan wannan layi na milimita 16.5 yake gudu. Za su hau layi ɗaya, sai dai in ka jera su za ka ga na OO ya fi ƙiba.

Akwai N mai layin milimita 9, akwai Z da kamfanin Märklin ya fito da shi a 1972, wanda aka rage sau 220. Suna da ban sha'awa, ba sa cin wuri, amma iya ƙanƙantar jirgi iya yadda ƙwayar ƙura ɗaya ke tsayar da shi, kuma mu nan ƙura ba baƙuwa ba ce. Na bar wa masu haƙuri.

Da ka zaɓi HO, ka kula da wani tarko. Jiragen Märklin na HO suna ɗaukar wuta ne daga wasu 'yan ƙusoshi da ke tsakiyar layi, kuma irin wutarsu daban ce. Na kamfanonin Hornby da Bachmann da Piko da Roco galibi daga ƙarafa biyun suke sha. In ka cakuɗa su, babu wanda zai motsa, wani ma ya lalace.

Wasu na tambayata ko za su iya kwaikwayon tsohon layin Legas zuwa Kano. Za a iya, amma shi siriri ne, milimita 1,067, don haka a ma'aunin HO layin milimita 12 ake yi masa, kuma kusan komai sai ka ƙera da hannunka. Ba da shi ake fara koyo ba.

Wuta

Kafin ka jona komai a bango, juya taransifomar da ta zo da saitin jirgin ka karanta abin da aka rubuta a bayanta. Wutarmu bolt 230 ce, ta Amurka 120. Wani ɗan'uwana ya kawo mini saiti tsaraba daga can, ina ɗoki na sa masa adafta na cusa a soket. Ko daƙiƙa biyar ba a yi ba na ji ƙauri. Wata uku jirgin yana cikin kwali kafin na samu wata taransifomar. Kayan Ingila da na Turai ba su da wannan matsala, na Ingila ma har filoginsu irin namu ne. Kuma ka sa sitabilaiza a tsakani, musamman in da janareta kake wasa.

Katako

Kada ka shimfiɗa layi a ƙasa. Gashin kafet da zare suna naɗewa a cikin giyar inji, ga kuma ƙafar mutanen gida. Ka sa kafinta ya yi maka tebur da filawud cikakke, mai ƙafa 4 da ƙafa 8, kaurin milimita 9 ko 12, ya ɗaure shi da sanduna daga ƙasa duk bayan santimita 40 ko makamancin haka. Ka tsaya a kansa ya yi amfani da busasshen katako, don ɗanye yana murɗewa da zarar hunturu ya shigo, ya ɗaga maka layi. Ka shafe shi da fenti sama da ƙasa har gefe-gefe saboda laimar damina. Kada ka manna teburin da bango ta dogon gefensa, hannunka ba zai kai can ƙarshe ba, kuma a can jirgi ke son faɗuwa.

Shimfiɗa layi, inda na sha wuya

Layin da za ka saya ya zama na nikel, mai launin azurfa. Tsohon layin baƙin ƙarfe yana tsatsa, na tagulla kuma yana yin dusu-dusu ya hana wuta wucewa. Za ka same su da araha a gwanjo, to araha ba ta ado. Ka nemi wanda aka rubuta wa lamba 100, wato tsayin ƙarfensa ke nan. Masu lamba 83 da 75 sun fi kama da na gaske, amma tsofaffin jirage masu zurfin bakin taya suna karo da su, kai kuwa da tsofaffin za ka fi cin karo a kasuwa.

Kwana ita ce ta biyu. A tsarin Hornby, kwana ta ɗaya milimita 371 ce daga tsakiyar da'ira, ta biyu 438, ta uku 505. Yawancin manyan injuna ba sa yarda da ƙasa da ta biyu. Ni na haramta wa kaina ta ɗaya gaba ɗaya. Haka kuma kada ka haɗa kwanar dama da ta hagu baki da baki, ka sa miƙaƙƙen layi mai tsawon tarago ɗaya a tsakaninsu.

Yanzu mahaɗa. Kowane yanki na layi yana haɗuwa da na gabansa ta wani ɗan ƙaramin hannun ƙarfe da ake zura wa ƙarshensa. Kuskuren da kowa ke yi shi ne ƙarfe ɗaya ya shiga ciki, ɗayan ya hau kai, ido kuma ba ya gani. Ka bi kowace mahaɗa da farcenka. In farce ya maƙale, taya ma za ta maƙale. Sannan ka durƙusa, ka sa idonka daidai da layin kamar mai saita bindiga, ka hango shi har ƙarshe. Duk inda ka ga ya yi gwiwa maimakon ya lanƙwasa a hankali, cire ka sake. Kada ka taɓa tilasta wa yankin ƙarshe ya shiga don da'ira ta rufe. In ta ƙi rufewa, lissafinka ne bai yi ba.

Abin da ya ci ni shi ne ƙusa. Na shimfiɗa layina na farko cikin watan Janairu, da sanyi, na matse kowace mahaɗa tsam, na kuma buga ƙusa a kowane rami har sai da ta nutse. Ina ganin aiki ya yi kyau. Da Afrilu ta zo ɗakin ya ɗauki zafin kwano, sai ƙarfe ya miƙe bai samu wurin zuwa ba, layi ya kumbura gefe kamar maciji a wuri biyu. Ƙusoshin da na danne kuma sun lanƙwasa 'yan sandunan roba da ke riƙe da ƙarafan, suka janyo su ciki, faɗin layi ya ragu. Na yi sati uku ina zargin inji, har na kwance shi sau biyu, kafin na ɗora tarago ɗaya na tura shi da yatsa a hankali na ga tayarsa tana hawa kan ƙarfe a daidai kan wata ƙusa. Saboda haka ka bar ɗan tsagi a mahaɗa, kamar kaurin katin gayyatar biki, duk bayan mita guda. Ƙusa kuma ka huda mata rami da siririn abin huji, ka tura ta da filaya, ka tsaya tun kanta bai danne robar ba. Guduma ba ta da aiki a nan. Kada ma ka kafe komai sai jirgi ya yi mako guda yana zagaye babu faɗuwa.

Sauran magana a nan ita ce waya. Saitin da ka saya zai zo da wayoyi biyu da ke ba layi wuta a wuri guda, a bar wa mahaɗai su kai ta sauran wurare. Da sabunta yana yi. In mahaɗai suka saki, sai ka ga jirgi yana gudu kusa da kai, yana zuwa can nesa ya yi sanyi. Maganinsa shi ne ka ja wayoyi biyu masu kauri a ƙarƙashin tebur, ja da baƙi, su bi layin, sannan duk bayan mita ɗaya ka huda katako ka fito da siririyar waya ka liƙa ta da dalma a gefen ƙarfe na waje. Na waje na ce, don in ka liƙa ta ciki bakin taya zai buge ta. Ja kullum a ƙarfe ɗaya, baƙi a ɗayan, in ka juya su sau ɗaya wuta ta haɗe. In ba ka iya liƙi ba, ɗauki guntun layi ka je wurin mai gyaran rediyo ya nuna maka. Sirrin shi ne sauri, ka taɓa ka ɗaga, don in ka daɗe robar za ta narke.

Gada da hawa kuwa ka bar su tukuna. In ka nace, kada hawan ya wuce santimita 2 a kowace mita. Kuma kada ka yi layin da zai zagaya ya dawo cikin kansa ta inda ya fito, wannan yana haɗe wuta sai an yi masa yanka na musamman.

Ƙura

Littattafan Turawa za su ce ka goge layi lokaci-lokaci. Ba su san hazo ba. Da hunturu ni kafin kowane wasa nake gogewa: farin tsumma marar gashi, a ɗiga masa sinadarin isopropyl, irin wanda masu gyaran waya ke wanke injin waya da shi, a bi saman ƙarfe. Za ka ga baƙin layi biyu a tsumman. Tayoyin inji ma haka, ka shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumman a kan layi, ka ɗora rabin tayoyin a kai, ka riƙe injin ka ba shi wuta kaɗan su juya, sannan ka juya ɗaya ɓangaren. Tayoyin taragu kuma da auduga, don su ne ke yawo da dattin.

Kada ka goge da sanfefa, tana karce ƙarfe datti ya samu wurin zama. Soson ƙarfe ya fi muni, burbushinsa maganaɗisun motar da ke cikin inji yake bi ya shige ciki. In ka gama wasa ka rufe teburin da tsohon zanin gado. Wannan kaɗai ya rage mini rabin aiki.

Gudu na farko

Sabon inji ka bar shi shi kaɗai, babu tarago, ya yi rabin awa gaba da matsakaicin gudu, rabin awa baya. Mai kuwa ɗigo ɗaya a bakin allura ya isa, kuma irin wanda aka yi don waɗannan jirage, wanda ba ya cin roba. Man keken ɗinki da na mota ka bar su inda suke. Taragu masu nauyi su bi bayan inji, marasa nauyi a ƙarshe. Wanda ke yawan tsalle ka manna masa ɗan ƙarfe a ciki.

Da tsarin DC za ka fara, inda wutar layi daga sifiri zuwa bolt 12 ke ƙara gudu ko ta rage. Inji biyu a layi ɗaya tare za su tashi, tare su tsaya. Ranar da ka so kowanne ya yi harkarsa sai ka koma DCC, inda kowane inji ke da 'yar na'ura a ciki mai lambarta. Galibi da lamba 3 suke fitowa daga kamfani, sai ka canza. In ka ga an rubuta DCC Ready a kwali, gurbin na'urar kawai aka bari, ita kanta sai ka saya. Kuma kada ka bar injin DC zaune a layin DCC, zai yi ta ƙugi har motarsa ta ƙone.

Tsakuwa, ado da tara jirage

Kowa ya ga bidiyon Miniatur Wunderland, wurin nunin ƙananan jiragen ƙasa da ke birnin Hambug na Jamus, wanda aka buɗe a 2001, sai ya so duwatsu da gari a makon farko. Ado shi ne na ƙarshe. Tsakuwar da ake zuba wa layi ka zuba ta busasshiya, ka daidaita da burushi, ka fesa ruwa, sannan ka ɗiga farin gam na kafinta da aka sirka rabi da rabi da ruwa, da ɗigon sabulun wanke-wanke. Kada gam ya kusanci inda mararraba ke motsi. Ni yashin rafi nake tankaɗewa, in bi shi da maganaɗisu in cire baƙin ƙarfen da ke ciki, bai ci mini ko sisi ba.

Wajen tarawa kuwa ka zaɓi ƙasa ɗaya da zamani ɗaya, in ba haka ba za ka tara taragun da maƙalansu ba sa kama juna, don na Ingila daban, na Amurka daban. In za ka sayi na hannu, ka nemi a nuna maka yana tafiya a hankali, gudu kowane inji yana yi. Ka kifa shi ka duba gindinsa, wasu tsofaffi ƙarfen jikinsu yana kumbura ya tsattsage, kuma wannan ba ya gyaruwa. Kwali kada ka yar, da shi ake sayarwa da daraja, amma in tsohon soso ne a ciki ka cire shi, yana ruɓewa ya manne da fenti. Ka naɗe injin da farar takarda mai laushi, ka ajiye nesa da taga.