Kar ki mayar da kayan aro hannu rabbana

Ƴan uwa, in kin ari abu a maƙota, turmi ne ko babbar tukunyar biki, ki wanke shi tas ki kai da kanki, da ɗan wani abu a ciki.
Ko daddawa biyu ce, ko kuka cikin leda.
Kar ki aiki yaro.

Wajen Innarmu na koya a ƙauyenmu can wajen Ringim, ita har washegari sai ta sake leƙawa ta ce "an gode da jiya", a lokacin haushi nake ji wai a kan turmi kawai za ta je tana durƙusa wa matar da ta girme ta.
Sai da aka zo bikina na gane, tukwane da tabarmi da kujeru duk aro aka kawo mana, ko sisi ba mu biya na haya ba.
Mutum in ya ga kayansa sun dawo da mutunci, gobe ba ya jin nauyin sake ba ki.

Amma fa ban da bashin kuɗi, in aka yi sharaɗin ƙari ya zama riba.
In kuma kin fasa abin, daddawa ba ta gyara shi, ki faɗi gaskiya ki biya.