Yadda Ake Tuƙa Keken Lantarki Ba Tare da Taimakon Inji Ba

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, keken lantarki ya yawaita a titunan Kano, kuma duk inda na tsaya da nawa tambaya ɗaya ake yi mini: "Malam, to in caji ya ƙare a hanya fa?" Sai ka taka feda ka ƙarasa gida. Amma ba kowane keke ne yake takuwa cikin sauƙi ba, kuma ba na son mutum ya bari sai ranar da aka kwana babu wuta, batir ya mutu masa da tsakar rana, sannan ya fara koyo.

Ka fara sanin irin injin da ke jikin kekenka. Kashe shi, ɗaga tayar baya, ka juya ta gaba da hannu. In ta yi ta juyawa kamar ta keken gargajiya, injinka mai ƙananan giyoyi ne a ciki, yana sakin tayar da zarar ya daina aiki, don haka ba zai riƙe ka ba. In kuwa ta tsaya da wuri, kana jin tana ɗan cijewa, to injin ne mai faɗi da ke juya taya kai tsaye, maganaɗisun cikinsa ne ke jan ta, kuma za ka ji wannan riƙon a ƙafarka muddin kana tafiya. Akwai kuma wanda injinsa yake wurin feda, irin waɗanda Bosch da Shimano da Bafang suke ƙerawa. Shi tayarsa ta baya babu komai a ciki, ɗan nauyin a feda kawai ake jin sa.

Sai nauyi. Keken gargajiya bai cika wuce kilo 15 ba, na lantarki kuwa yawanci tsakanin kilo 20 ne zuwa 30. Waɗannan masu kama da ƙaramin babur, masu batir irin na dalma da 'yar guntuwar feda babu giya, sukan haura kilo 50. In irinsu gare ka, gaskiya fedar ba ta tafiya mai nisa ba ce. Za ta kai ka shagon caji mafi kusa, iyakarta ke nan.

In kekenka yana da giya, a nan aikin yake. Wanda ya saba da totur yakan bar sarƙa a kan ƙaramin haƙori na baya wata da watanni, don inji ne ke ɗaukar nauyin tashi. Ranar da inji ya yi shiru, wannan giyar ce za ta cinye masa gwiwa. Ka mai da sarƙar kan babban haƙori kafin ka tashi, in keken ya ɗauki gudu sai ka riƙa ƙarawa ɗaya bayan ɗaya. Yawancin giyoyin nan ba sa canzuwa sai feda tana juyawa, saboda haka tun daga nesa, da ka hango danja ko cunkoson 'yan adaidaita, ka sauko da giya kafin ka tsaya. In ka tsaya a giya mai nauyi, da ita za ka tashi, ga masu hon a bayanka. Ƙafa kuma ta riƙa juyawa da sauri ba tare da dannawa da ƙarfi ba, kamar zagaye 60 zuwa 80 a minti ɗaya. Da farko za ka ji kamar wasa kake yi, amma haka ake yin nisa numfashi bai ƙare ba. Kuma ka riƙa tattalin gudun da ka samu, domin keke mai nauyi tayar da shi ne wahala. In ka rage gudu tun da wuri har hanya ta buɗe ba ka sa ƙafa a ƙasa ba, ka huta da yawa.

Ɗaga sirdi. Na lura masu keken lantarki da yawa suna sauke shi ƙasa don su zauna kamar a kan babur. Ka hau, ka ɗora dunduniya a kan feda tana can ƙasa; in ƙafarka ta miƙe sosai, tsayin ya yi daidai.

Inji yana ɓoye laifin keke. Taya ba iska, birki yana gogar faranti, sarƙa ta bushe da ƙurar hunturu, duk ba za ka sani ba sai ranar da ƙarfinka kaɗai ke aiki. A gefen kowace taya an rubuta adadin iskar da take ɗauka, ka nuna wa mai faci lambar, kada ya auna da babban yatsa. Ka goge sarƙa da tsumma kafin ka ɗiga mata mai, kaɗan ya isa, in ya yi yawa yashi yake kamawa.

Gadar sama kuwa, in da hanya ta ƙasa ka bi ta. In babu, sauko da giya tun kafin hawan ya fara, in ya gagara ka sauka ka tura a gefe. Babu abin kunya a ciki.

Game da batir, shawarata ita ce kada ka bari ya mutu murus. Da ka ga saura layi ɗaya, mai da taimakon injin zuwa sifili maimakon ka kashe keken gaba ɗaya. A kekuna da yawa fitila da hon daga wannan batir ɗin suke sha, kuma tafiya bayan magariba a kan titi babu fitila ta fi gajiya hatsari nesa ba kusa ba. Ni har 'yar fitila mai cajin kanta nake ɗaurawa a baya saboda haka. Kada kuma ka yarda da zancen cewa taka feda tana mayar da caji. Injin da ke juya taya kai tsaye ne kawai yake iya mayar da ɗan abu lokacin birki ko gangara, shi ma in an haɗa shi da wannan tsarin.

In da gangan za ka fita motsa jiki, kana iya cire batir ka rage kilo uku ko huɗu, ka rufe bakin wayoyin da leda saboda ƙura da ruwa. Amma mai injin kai tsaye ya bar nasa a jiki, musamman a gari mai dogayen gangara irin Jos, domin injin yana haifar da wuta in taya tana gudu, kuma in babu batir da zai shanye ta tana iya lalata kwanturola, wato na'urar da ke sarrafa wutar da ke tsakanin batir da inji.

Ka gwada duk wannan da sassafe a unguwarku, batir cike, taimako a sifili, don ka san ainihin gudunka. Zai ragu sosai, wataƙila zuwa rabin wanda ka saba, don haka ka riƙa lissafin lokaci da shi, ka kuma riƙe gorar ruwa. Ranar da batir ya ƙare maka a hanya, in ka isa gida ka bar shi ya huce a inuwa sannan ka sa a caji a ranar, domin barin sa babu caji kwana da kwanaki yana rage masa ƙarfi.