Yadda za ka gyara tarbiyyar yaran unguwa da ƙwallo

Yaron da uwa za ta yi ta kira tun safe ya ɗebo mata ruwa yana noƙewa, ka ce mishi akwai wasa ƙarfe huɗu da rabi, wallahi tun kafin a kira la'asar ya ɗaure takalmi yana jira. Ni a Birnin Kebbi nake, na ɗan jima ina riƙe da wata 'yar ƙungiyar yara 'yan shekara 11 zuwa 16, ba albashi ba komai, kuma abin da na gano shi ne yaro zai yi wa ƙwallo abin da ba zai taɓa yi wa bulala ba. To wannan son da yake wa wasan shi ne jarinka. In ka iya juya shi ka samu yaran, in ba ka iya ba kai dai mai hura usur ne kawai. Ga yadda nake yi, mai son farawa a unguwarsu ya ɗauki abin da zai mishi amfani.

Kada ka fara da fili, fara da zaure. Kafin ka sayi ƙwallo ko guda, je wajen mai unguwa ka gaishe shi ka faɗa mishi abin da kake nufi, daga nan limami, daga nan sai ka bi iyayen yaran gida-gida. Akwai gajiya amma ba makawa. Yawancin iyaye a nan kallon shashanci suke wa ƙwallo, kuma in ka duba ba su da laifi, sun ga yaran da suka bar boko suka bar allo suka tare a gidan kallo. Na tuna wani dattijo da na je nema wa ɗansa izini, yana zaune kan tabarma yana jan carbi, ban gama bayani ba ya ce "Malam, ƙwallo dai? Mi za ta ba shi?" Na ce Baba ba zan ce za ta ba shi kuɗi ba, amma ranar da ya ƙi zuwa Islamiyya ko ya yi maka gardama ka aiko min, ba zai buga ba. Ya ɗan yi shiru sannan ya ce "in hakanan ne ɗauke shi." Ka karɓi lambar wayar uban ko yayan kowane yaro ka rubuta a littafi, kai ma ka bar musu taka.

Daga nan sai lokaci. Ka tsara tirenin ɗinka ya kauce wa makaranta, kada makaranta ce za ta kauce maka. Alhamis da Juma'a yawancin makarantun allo da Islamiyya suna hutu, su ne ranakunka na yamma, sai ka ƙara da safiyar Asabar ko Lahadi gwargwadon yadda Islamiyyar unguwarku take. A fara bayan la'asar, a tashi kafin magariba da kamar minti 20 yadda kowa zai kai gida ya yi alwala. Ko ana canjaras ne, ko saura fenariti guda a buga, in lokaci ya yi hura usur. Za su yi ta magiya "Koci don Allah minti biyu", kada ka yarda ko sau ɗaya, don ranar da ka yarda ka koya musu cewa doka abar ciniki ce.

Dokoki kuma kada su yi yawa, kuma kada ka zo da su a rubuce daga gida. Zaunar da yaran a ƙasa ka tambaye su me ke ɓata musu wasa, da bakinsu za su ce zagi, makara, son kai da ƙwallo, faɗa. Su za su yanke hukuncin ma, kuma za ka sha mamaki, sun fi ka tsanani, wani cewa zai yi a kori mutum gaba ɗaya don ya makara, kai ne za ka riƙa sassautawa. Namu guda 5 ne: ba ashar, ba makara, ba fashin makaranta, ba ɗaga wa alƙalin wasa murya, kuma wanda aka kama da ƙwaya ko sigari sai mun zauna da mahaifinsa. Dokar da yaro ya sa da bakinsa, kunya ma ta ishe shi ya bi ta.

Yanzu ga inda aikin yake, benci. Kada ka doki yaro, kada ka zage shi, kada ka sa shi tsallen kwaɗo gaban mutane. Zaunar da shi kawai ya kalli 'yan uwansa suna bugawa, wannan ya fi mishi bulala goma zafi. Amma fa benci ba ya aiki sai ya hau kan wanda ya fi kowa iyawa. Muna da wani lamba tara, ɗan siriri haka, ƙafar hagu, in ya ɗauki ƙwallo sai ya yanke mutum uku kafin ka ƙifta ido, kuma ya san ya iya, shi ya sa kansa ke rawa. Ana gobe za mu buga wasan kusa da na ƙarshe a wata gasar unguwanni sai malaminsu ya aiko cewa kwana huɗu bai gan shi ba. Daren nan ban yi barcin kirki ba, don na san in babu shi da wuya mu ci. Da muka je fili na karanta sunayen 'yan wasa 11 babu nashi, ya zo ya tsaya gabana da jesi a hannu idonsa ya cika da ƙwalla, manyan unguwa da suka zo kallo suka yi ta min magana, wani har da cewa na sayar da wasa. An ci mu 2 da 1. Kwana uku ba wanda ya gaishe ni da daɗin rai a majalisa, shi kuma yaron sati biyu bai zo tirenin ba, na ɗauka ma ya tafi kenan, sai ga shi wata Alhamis ya riga kowa zuwa yana share fili da reshen dogon yaro, bai ce min komai ba ni ma ban ce mishi ba. Tun daga ranar ban sake jin wani yaro ya gwada fashin makaranta yana taƙamar ya iya ƙwallo ba. Da na saka shi a wasan nan, da duk dokokinmu sun zama na marasa iyawa kaɗai, kuma yara suna lura da irin wannan fiye da yadda muke zato.

Wanda ya gama zaman bencinsa kuma shi kenan ya wuce, kada ka riƙa tuna mishi.

Abu na gaba, raba musu aiki, kada ka zama kai ne komai. Muƙamin kyaftin ya riƙa zagayawa duk wata, har da yaron nan mai shiru-shiru da ba ya iya haɗa ido da mutane, ba shi kambun ka ce shi zai jera su ya kuma yi magana da alƙali, wata guda ya isa ka ji muryarsa ta fito. A samu mai kula da ƙwallaye da famfo, mai wanke jesi, mai ɗebo ruwa, mai rubuta sunan wanda ya zo da wanda ya makara. Sai ma'aji, wannan ya fi kowanne koyar da darasi. Ku sa ɗan abin da kowa zai iya kawowa duk sati, ko naira 100 ce, wanda ba shi da hali ya biya da aiki ba tare da an tallata shi ba. Yaro ke riƙe littafi, kuɗin kuma a ajiye wajen wani dattijo amintacce, kada su kwana a aljihunka ko kai waliyyi ne, saboda bakin mutane. Ƙarshen wata ma'aji ya tashi gaban kowa ya karanta: an tara kaza, an sayi fiyawata na kaza, an ɗinke ƙwallo kaza, saura kaza. Ranar da lissafi ya ƙi fita da naira 300 mun fi rabin awa muna bi layi-layi har aka gano kuɗin kabu-kabu ne aka manta ba a rubuta ba. Yaron da ya sha wannan zufar ba sai an mishi wa'azin amana ba.

A wasan tirenin kuma ka riƙa ba su usur suna yin alƙalanci bi da bi, musamman mai yawan gardama. In ya hura fenariti abokansa suka taso mishi ca, zai ɗanɗana abin da yake wa wasu.

Bayan an tashi, a zauna minti 10, kada ya wuce haka don sun gaji kuma magariba na matsowa. Kada ka mai da shi wa'azi, ɗauko abin da ya faru a filin yanzun nan. Wane, me ya sa ba ka ba wane fasin ba alhali shi kaɗai ne gaban raga? Gola, da aka ci ka me ya sa ka hau ɗan baya da faɗa? Daga irin wannan hira ake gangarawa zuwa manyan maganganu, su tiramol da sholisho da maganin tari mai kodin wanda gwamnatin tarayya ta hana tun 2018 amma har yau bai ɓace ba, da cacar ƙwallo ta waya wadda ita ce ta fi ba ni tsoro yanzu, don yaro gani yake ai ya san ƙwallo, ba caca yake ba ilimi yake amfani da shi. Akwai masu ce wa yara ƙwaya na ƙara gudu da numfashi a fili, ka fito fili ka ƙaryata wannan tun kafin su ji a wani wuri. In kuma ka lura wani ya canza, ya daina dariya ko kullum yana zuwa da yunwa, ja shi gefe ku yi magana, amma gefen da kowa ke hango ku. Kada ka kai yaro ɗakinka, kada ka keɓe da shi, kada ka mai da yaran mutane 'yan aikenka. Ka samu mataimaki baligi ko da guda ne da zai riƙa kasancewa tare da ku, kariya ce gare su kuma kariya ce gare ka.

Sai maganar Turai, wadda ba yadda za a yi ka kauce mata a jihar nan, tunda kowane yaro ya san Zaidu Sanusi ɗan Jega ne. Suna da gaskiya su yi alfahari, yaron gida ne ya ci wa Porto ƙwallon da ta ba su kofin lig ɗin Fotugal a gidan Benfica a 2022, ana dab da tashi. Amma ka ba su labarin gaba ɗaya, kafin Porto ta ɗauke shi a 2020 sai da ya yi shekaru a ƙaramar ƙungiya irin Mirandela inda ba mai jin sunansa, sannan Santa Clara. Ka kuma tambaye su, duk yaran da suka taso suna buga ƙwallo a Jega da Argungu da Yawuri da Zuru, nawa ne suka kai can? Ba don ka kashe musu gwiwa ba, don dai kowa ya riƙe karatunsa da sana'arsa. Ni sharaɗi na sa, duk wanda ya kai 14 sai ya faɗa min abin da yake koyo bayan ƙwallo, ɗinki ne, walda ce, gyaran waya ne, ko bin babansa fadama. Kuma ka gargaɗi iyaye kan masu zuwa da sunan ejan suna cewa a kawo kuɗin biza da na jirgi za a kai yaro gwaji waje. Dokar FIFA ta hana a ɗauki yaron da bai kai 18 ba zuwa ƙungiyar wata ƙasa sai a wasu 'yan yanayi ƙalilan, saboda haka duk wanda ya zo wa ɗan shekara 15 da wannan zance yana neman a sayar da gona ko shanu, a rufe mishi ƙofa.

Rage shekaru ma kada ka fara. Za a kira gasar 'yan ƙasa da 13 ka ga wasu ƙungiyoyi sun jero masu gemu an aske, zuciya za ta ce kai ma sako manyanka. In ka sa yaro ya ce shekararsa 12 alhali 15 gare shi, kai da bakinka ka koya mishi ƙarya, gobe da wane ido za ka ce mishi ya faɗi gaskiya? Kuma abin ba ya ɗorewa, tun gasar duniya ta 'yan ƙasa da 17 da aka yi a Najeriya a 2009 ake sa 'yan wasa a na'urar MRI a duba ƙashin wuyan hannu don a gane shekarunsu, yara da dama an sallamo su daga sansani a kan haka. Gara a ci ku da yaranku na gaskiya.

In an ci ku ɗin, a jeru a ba abokan karawa hannu har da alƙali, ko da kuwa ya yi muku coge ƙiri-ƙiri, ƙorafi kai za ka kai wa masu gasa daga baya a rubuce. Nan fa sai ka kama kanka, don ni kaina na taɓa yin suɓutar baki na zagi wani alƙali yara na ji, washegari ma'ajinmu ya zo da littafi ya ce "Koci, doka ta ɗaya." Na biya tarar, wasa na gaba kuma na zauna a benci mataimakina ya ja ragama, suna ta dariya ƙasa-ƙasa.

Tsarin shekara kuma ka bi yanayin garinku. Watan Maris da Afrilu zafin nan yana haura digiri 40, a jinkirta farawa, a rage gudu, a tsaya shan ruwa duk bayan minti 15 ko 20, yaron da ya ce kansa na juyawa a kai shi inuwa nan take. Da azumi mu dakatarwa muke, sai dai ɗan taɓa ƙwallo mara nauyi in an ga dama. Da damina da lokacin yankan shinkafa kuwa rabin yaranka suna gona, kada ka rubuta musu makara ko fashi, wanda ya je taya babansa aiki a rubuta mishi ya zo. Mu har mukan ɗauki Asabar guda mu tafi gaba ɗaya gonar mahaifin wani daga cikinsu mu yi mishi gayya, a dawo a buga wasa da yamma in da sauran ƙarfi, yawanci dai babu.