Sakamakon sartifika ya fito: aikin da ke gaban iyaye kafin Oktoba

Jarrabawar ƙarshen firamare, wadda a takarda ake kira CFEPD, jama'a kuma suke ce wa sartifika, ta yi shekara goma a jingine, ana auna ƴan CM2, ajin ƙarshe na firamare, da jarrabawar zango-zango. A 2024 aka dawo da ita, tare da takwararta ta makarantun franko-arab. Shi ya sa a gidaje da yawa a nan Tawa yayyen yaro ba su zauna ta ba, iyaye kuma sun manta yadda ake tarbar ranar sakamako. Daga wannan rana zuwa komawa lakkol a watan Oktoba akwai wata biyu zuwa uku, kuma a cikinsu ake gyara ko a ɓata shekarar da ke tafe.

Da farko a tabbatar da sakamakon da ido. Hoton jerin sunaye da ke yawo a WhatsApp yakan zo da shafi guda a yanke, ko ya zama na wata cibiyar jarrabawa. A je makarantar yaro, a duba abu uku: lambarsa ta jarrabawa, sunansa da na mahaifinsa, da ranar haihuwa. A Adar aji guda zai iya tara Mahamadou Aboubacar uku, lamba ce kawai ke raba su. An sha yin guɗa a gidan da bai ci ba, ana kuka a gidan da ya ci.

Idan babu sunan yaro, ranar ba ta shari'a ba ce. A ba shi abinci, a bar shi ya yi kukansa, kada a aike shi shago inda tsararsa ke murna. Magana biyu ta isa: "Na ga sakamakon. Gobe za mu je wurin mushe, malaminka, mu ji inda aka samu matsala." Duka ba ya ƙara maki ko ɗaya, abin da yake haifarwa shi ne yaro ya riƙa ɓoye takardun makaranta daga ranar. Haka nan gori da ɗan kishiya ko ɗan maƙwabta. Inda uba yake ci-rani a Abijan ko Libiya, uwa ko kawu su fara kiransa su kaɗai, ya huce, sannan a miƙa wa yaro waya. Hukuncin da aka yanke cikin fushi daga nesa, irin "a cire shi, ya biyo ni" ko "ta zauna gida", shi ne mafi wuyar warwarewa, don uba ba ya son a ce ya janye maganarsa.

Washegari ko jibi a samu darakta da malamin aji tun ba su watse hutu ba, domin da yawansu ba ƴan garin ba ne, da damina ta kankama kuma sai a waya. A tafi da littattafan rubutun yaro da makinsa na zango uku. Kada a tsaya a "ya faɗi". A tambaya dalla-dalla: "Mushe, a wane darasi ya fi rauni? Maki nawa ya rage masa? Shekarunsa sun ba shi damar maimaita aji? Akwai gurbi a ajin baɗi?" A nemi a ga makin kowane darasi, a kwafe a takarda.

Makin nan sukan nuna ɗayan abu uku. Akwai yaron da duk shekara yana sama da matsakaici, ranar jarrabawa ce ta zo masa da zazzaɓi ko firgici. Wannan ba ya buƙatar komai sai hutu da sake zama. Idan tazarar da ke tsakanin makinsa na aji da na jarrabawa ta yi yawa ƙwarai, darakta ne zai nuna yadda ake rubuta ƙorafi zuwa ofishin sufeto, kuma a yi shi cikin kwanakin farko. Akwai wanda darasi ɗaya ya kayar, yawanci lissafi ko dikte. Sai na uku, wanda ya fi yawa kuma iyaye suka fi ƙin ji: yaron ya kai CM2 bai iya karatu ba. An yi ta ɗaga shi daga CI zuwa CP, CE1, CE2, CM1 cikin aji mai cunkoso, yana kwafe abin da ke allo da kyakkyawan rubutu, yana haddace darasi, amma bai san me yake cewa ba. Irin wannan yaro ko a lissafi Faransanci ne ke kayar da shi, don bai gane abin da tambayar take nema ba.

Ana iya gane wannan a gida cikin minti goma, ko da iyaye ba su yi boko ba. A kira wani ɗan kolej ko ɗan lise na unguwa ya zauna kusa. A buɗe littafin karatu na CE2, shafin da yaron bai haddace ba, ya karanta layi goma da ƙarfi. A lura da yatsansa da bakinsa: in yana tsayawa kan kowace kalma yana haɗa baƙi da wasali, ko yana kallon fuskar mai sauraro yana cankar ƙarshen kalma, to karatun bai zauna ba. Sai a rufe littafin a ce, "To, gaya mini da Hausa, me ya faru a labarin?" Daga nan a ba shi lissafi huɗu a allo: tarawa, ɗebewa mai aro, sau, da rabawa da lamba biyu, misali 864 a raba 12. Inda ya tsaya, daga nan gyara zai fara.

Wannan gwaji ne ya kamata ya yanke shawarar maimaita aji, ba kunyar dangi ba. Yaron da ya karanta ya kuma ba da labarin, maimaita CM2 zai amfane shi sosai. Wanda ya kasa kuwa, mayar da shi aji guda ya sake jin darussan da suka fi ƙarfinsa ba zai canza komai ba, sai an haɗa da koyon karatu daga tushe. A hutun nan a ware masa minti arba'in da biyar kowace safiya, kwana biyar a mako, bayan makarantar allo kuma kafin a tafi gona ko rana ta yi zafi: minti ashirin karatu da ƙarfi, minti goma dikte na layi uku daga abin da ya karanta, sauran lissafi. A fara da littafin da ke ƙasa da ajinsa da shekara biyu. Darasin hutu na kuɗi da ake tara yara sittin a ɗaki ana kwafe allo bai kai wannan amfani ba. Mai koyarwa guda da yara huɗu ko biyar ya fi, kuma a gaya masa ƙarara cewa karatu ake so, ba darasin sizyam (ajin farko na kolej) ba.

A duba lafiya ma. Yaron da ke matse ido in yana kallon allo, ko wanda sai an kira shi sau uku yake waiwayowa, a kai shi asibiti a auna ido da kunne kafin a kira shi daƙiƙi.

Wasu iyaye kan ruga makarantar kuɗi don kada yaro ya rasa shekara. Kafin a biya ko dala, a nemi ganin takardar izinin gwamnati ta makarantar, a tambayi ɗalibai nawa suka zauna BEPC, jarrabawar ƙarshen kolej, bara da nawa suka ci, a kuma tambayi ofishin sufeto ko yaron da bai da sartifika yana da hurumin shiga sizyam. Sannan a yi lissafin shekara huɗu, daga sizyam zuwa turwaziyam. A ce kuɗin shekara jaka 100 ne, to jaka 400 ake magana, ban da tufafin makaranta, littattafai da kuɗin kabu-kabu. Abin da ya fi faruwa shi ne a biya kashi na farko da zumuɗi, a kasa na biyu, a koro yaro tsakiyar shekara alhali gurbinsa na gwamnati ya riga ya tafi. Wanda kuma ya zo ya ce a ba shi wani abu zai sa sunan yaro cikin jeri, a sallame shi. Ko ya cika alkawari, yaron zai isa sizyam ya tarar da malami daban ga kowane darasi, ga Ingilishi sabo, ga maki bisa 20 ana neman 10, kuma a ajin nan ne yara da yawa ke barin makaranta gaba ɗaya.

Ga wanda shekaru suka ja, ko ya riga ya maimaita bai dace ba, akwai cibiyoyin koyon sana'a na CFM, inda ake koyar da ɗinki, walda, kafinta da makanikanci. A je a ga wurin, a tabbatar akwai kayan aiki da malami a sana'ar da ake so. Wannan ya fi alheri a kan a bar yaro yana jiran ya tara kuɗin motar tafiya ci-rani. Ƴa mace kuwa faɗuwa ɗaya ba hujjar aure ko talla ba ce. Tun Disamba 2017 akwai dokar da ke kare karatun ƴan mata a Nijar, kuma idan matsin ya fito daga dangi, ƙungiyar iyaye mata ta makaranta da shugaban COGES, kwamitin kula da makaranta, sun fi uwa ita kaɗai bakin magana.

Wanda ya zauna gasar shiga makarantar Prytanée ta soja da ke Yamai bai samu ba, a fahimtar da shi cewa can gurabe ƙalilan ake rabawa tsakanin yaran ƙasa baki ɗaya, ana ɗaukar na sama har gurbi ya cika. Da maki mai kyau ma ana rasawa. In ya ci sartifika kolej na jiransa, bayan BEPC kuma akwai gasar Lycée d'Excellence.

Iyayen waɗanda suka ci su ma da sauran aiki. Cin jarrabawa daban, sanin kolej (CEG ko CES) ɗin da aka tura yaro daban, sai a riƙa bibiyar darakta har jerin ya fito. A dubi sunan da ke jerin a gwada da na takardar haihuwa harafi da harafi. Aboubacar a nan, Boubacar a can, ko shekarar haihuwa ta sha bamban, yau gyaran mai sauƙi ne, amma in aka bari sai lokacin haɗa takardun BEPC zai zama zirga-zirga tsakanin kotu da ma'aikatar magajin gari. A yi kwafi uku na takardar haihuwa a buga musu hatimi, a adana ta asali a cikin leda, a tanadi hotuna ƙanana.

Idan daga ƙauye yaro zai shigo Tawa, Ƙonni, Madawa ko Illela, maganar mai masauki ce gaba da komai. Uba ya je da kansa tun a watan Agusta, a yi magana a fili: tiya nawa ta hatsi za a riƙa kawowa a wata, ina yaro zai kwana, akwai fitilar karatu, wane aikin gida zai yi kuma a wane lokaci. Yarinya musamman a tabbatar ba ɗiban ruwa da raino za su cinye mata safiya ba. A karɓi lambar wayar mai masauki da ta mai kula da ɗalibai a kolej, sannan a sa ranar da za a dawo a ga makin farko da ido, kafin hutun Disamba.