In hedimasta ya ce ba zai ɗauki yaronki ba saboda lalura

Salam jama'a, musamman iyaye mata na ƙauyukanmu. Abin nan yana ci min rai wallahi, a kai yaro kurma ko gurgu ko mai jinkirin fahimta firamare a ce wai "ku koma da shi gida, ba mu da malaminsa", uwa ta juyo da hawaye shikenan magana ta mutu.

Yar'uwa kar ki yarda. Dokar ilimin bai-ɗaya (UBE) ta 2004 ta ce karatu kyauta ne kuma dole ga kowane yaro daga firamare har aji 3 na ƙaramar sakandare, sannan akwai dokar hana wariya ga masu buƙata ta musamman da Buhari ya sa wa hannu a 2019.

Kar ki yi faɗa, ki ce hedimastan ya rubuta miki dalilin a takarda ya sa hannu da kwanan wata, yawanci a nan jikinsu ke sanyi. In ya ƙi ki samu shugaban kwamitin makaranta ko mai unguwa ya raka ki, in ba a daidaita ba sai ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, daga nan SUBEB, wato hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha. Ki riƙe takardar asibiti da ta haihuwa, kwafi kawai za ki ba su, ta asalin ta zauna a hannunki.

In sun ce ki kai shi Tudun Maliki a Kano, makaranta ce ta kurame da makafi, amma ki je ki gani da idonki tukuna, ki tambayi batun kwana da abinci kafin ki amince.