Babi na 7: Sondi, hancin da ke shinshinar hayaƙin mota

Direba ya dawo daga Konni, ya shigo wani garaji a nan Tahoua, ya yi sallama. "Maigida, wata wuta mai ruwan ɗorawa ta kama a tablo tun shekaranjiya. Kuma motar nan ta koma shan mai kamar raƙumin da ya fito daga Agadas."

Maigidan garajin bai taɓa sifana ba tukuna. Ya ce da yaronsa: "Ɗauko balis." Balis ita ce na'urar da ake jona wa mota don karanta matsalar da kwamfutarta ta gano. Sannan ya juya ga direban: "Malam, kana da biro? Abin da zai fito, kai za ka rubuta shi da hannunka."

Wannan rubutun shi ne darasinmu na yau. Amma sai mun fara sanin abin da ke kunna wutar.

Injin esansi yana cin abu 2: mai da iska. Idan ana son mai ya ƙone ƙurmus, kowane kilo 1 na mai yana buƙatar kilo 14.7 na iska. Mai ya yi yawa, hayaƙi ya yi baƙi, kuɗi su bi bututu su fita. Iska ta yi yawa, inji ya yi zafi, ya riƙa sarƙewa. A tsofaffin motoci makanike ne ke daidaita wannan da kunnensa, yana juya sukurun kafireto. A motocin yanzu kwamfutar mota ce ke yi, sau da yawa cikin kowace daƙiƙa. Ita kuwa kwamfuta ba ta gani, ba ta jin wari. Sai an faɗa mata.

Mai faɗa mata shi ne sondi lamda. Ɗan ƙarfe ne mai kama da buji, an ɗaure shi a jikin bututun hayaƙi kusa da inji, da waya a bayansa. Kamfanin Bosch na Jamus ne ya ƙirƙiro shi, kuma motocin Volvo ne suka fara fita da shi a 1976. A bakinsa akwai wani ɗan tangaran da ake kira zirkoniya, an shafe shi da filatinum. Gefe guda yana taɓa hayaƙi, gefe guda yana taɓa iskar waje, wadda kashi 21 cikin 100 nata oksijin ne. Bambancin oksijin da ke tsakanin gefen nan biyu shi ke haifar da ƴar wutar lantarki, wadda ba ta kai bolt 1 ba. Idan mai ya yi yawa, oksijin ya ƙare a hayaƙi, wutar ta hau wajen 0.9. Idan iska ta yi yawa, ta sauko wajen 0.1. Kwamfuta ta ji 0.9 ta rage mai, ta ji 0.1 ta ƙara. Haka suke ta yi, kamar mai miya da ke ɗanɗanawa tana gyara gishiri. Saboda haka sondi mai lafiya lambarsa ba ta tsayawa wuri ɗaya. A riƙe wannan da kyau, domin yara da yawa a garaji idan suka ga lamba tana rawa sai su ce abin ya lalace, alhali rawar ita ce lafiyarsa.

Tangaran ɗin ba ya aiki sai ya yi zafin da ya kai digiri 300 ko fiye. Zafin watan Afrilu na Adar bai kai ko kusa ba. Shi ya sa aka sa masa ɗan abin ɗumamawa a ciki, kuma shi ya sa yawancinsu ke da waya 4: biyu na ɗumamawa, biyu na kai saƙo. Motoci da yawa suna da sondi 2. Na farko yana gaban katalizer, wato tukunyar da ke tace hayaƙi, shi ne mai daidaita mai. Na biyu yana bayanta, aikinsa ya duba ko tukunyar tana tacewa.

To, mu koma ga balis. Tun 1996 a Amurka, da 2001 a Turai ga motocin esansi, doka ta sa kowace mota ta fito da wani soket mai rami 16, galibi a ƙarƙashin sitiyari ta wajen gwiwar direba. Yawancin motocin da ake sayo mana daga can suke, don haka suna da shi. Nan ake jona balis, a murɗa makulli, sai allo ya nuna harafi ɗaya da lambobi 4. Ga waɗanda za ka fi gamuwa da su:

P0135: abin ɗumama sondi na farko ba ya aiki daidai.
P0133: sondi na farko ya yi nawa, ba ya amsawa da sauri.
P0171: iska ta fi mai yawa.
P0172: mai ya fi iska yawa.
P0420: katalizer ba ta tacewa yadda ya kamata.

Karanta su da ƙarfi. Ka lura, babu ɗaya a ciki da ta ce "sayi sabon sondi". Nan ne kuɗin mutane ke salwanta, kuma abin yana damuna ƙwarai. Sondi ɗan aike ne. Idan ya zo ya ce iska ta yi yawa, sau da yawa gaskiya ya faɗa: wata roba ta tsage a hanyar iska, ko famfon mai ya gaji, ko injekta ta toshe da dattin man kwalba da aka saya a bakin hanya. Wani lokaci kuma bututun hayaƙi ne ya huje a gaban sondi, iskar waje tana kutsawa, shi kuwa abin da ya shaƙa shi yake faɗi. Idan P0172 ce, a duba ko injekta na ɗiga, a buɗe matatar iska a ga abin da ƙurar hunturu ta yi mata. Wanda ya canza sondi bai gyara waɗannan ba, bayan kwana kaɗan wutar za ta dawo, ga kuɗi sun tafi.

Ko P0135 ɗin ma, a fara da abin da ba ya cin kuɗi. A duba fiyus. A bi waya da ido da hannu, domin tana kusa da bututu mai zafi, kuma hanyoyinmu na ƙauye suna girgiza ta har ta goge ko ta narke. Sannan a kashe inji, a zare soket ɗin sondi, a sa mitar awon lantarki a kan wayoyin ɗumamawa biyu. Galibi su ne masu launi iri ɗaya, farare a na Bosch, baƙaƙe a na Denso da ake samu a Toyota. Mita ta nuna ƴan om kaɗan (om shi ne ma'aunin turjiyar waya ga wutar lantarki), abin yana da rai. Ta nuna hanya a yanke, ya mutu, sai canji.

Gwajin da ya fi kowane bayyana gaskiya shi ne kallon sondi yana aiki. A bar inji ya yi zafi sosai, a taka totur inji ya tsaya wajen juyi 2,500 a minti, a kalli allon balis. Lambar ta riƙa hawa da sauka tsakanin 0.1 da 0.9, kusan sau ɗaya a kowace daƙiƙa. In tana jan jiki da ƙyar, sondi ya tsufa. In ta kafe a wajen 0.45, ko dai bai yi zafi ba, ko saƙonsa ba ya isa. Na biyu kuwa, na bayan katalizer, shi ake so ya natsu. Idan yana rawa irin ta na farko, tukunyar ta gaji, ko an riga an fasa ta an kwashe cikinta, don akwai masu sayen ƙarafa masu tsada da ke ciki. Mai sayen mota tsohuwa ya tambayi wannan tun kafin ya biya. Gargaɗi ɗaya: Toyota da yawa na bayan nan suna da wani sondi na farko iri dabam, wanda balis ke nuna shi wajen bolt 3.3 yana ɗan motsi kaɗan. Lafiyarsa ke nan, kada a yanke masa hukunci da awon wancan.

Idan an kwance sondi, da sifana mai lamba 22, a kalli bakinsa. Baƙin toka mai laushi na nufin mai yana yawa. Fari kamar alli na nufin ruwan lagireto yana shiga inji, ko an shafa silikon da bai dace ba wajen haɗa inji. Tururinsa guba ne ga sondi. Injin da ke ƙona baƙin mai shi ma yana kashe shi a hankali. Sabo ma haka zai mutu idan ba a toshe inda gubar ke fitowa ba.

A jira bututu ya huce kafin a kai hannu. Kada a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Kada a tayar da inji a cikin shago a rufe, hayaƙinsa yana kisa ba tare da wari mai gargaɗi ba. Idan kuma wutar tablo ƙiftawa take yi, ba kamawa kawai ba, inji yana tsallake wuta, ɗanyen mai na isa katalizer yana ƙona ta: a rage gudu, a nemi garaji mafi kusa.

Balis yana iya goge lambar, wuta ta mutu nan take, direba ya tafi yana murna. Gogewa ba ta gyara komai. Shi ya sa maigidan nan ya ce a rubuta. Direban ya rubuta P0171 a littafinsa, da kwanan wata, da kilomitan da ke tablo. Yaron garaji ya bi hanyar iska da hannu, ya tarar da roba a tsage bayan matata. Aka canza ta, sondi yana inda yake.

Aikin gida

Kwafi lambobin nan 5 a littafinka, ka rubuta ma'anar kowace a gabanta ba tare da ka duba ba.

Mota tana shan lita 8 a kilomita 100. Bayan wutar ta kama, ta koma lita 10. Idan ta yi kilomita 500, lita nawa ta ƙara sha? Tambayi kuɗin lita a gidan mai, ka lissafa asarar.

Nemi izinin mai mota ko maigidan garaji, ka leƙa ƙarƙashin sitiyari ka nemo soket ɗin balis, ka ƙirga raminsa.